Yadda Nake Kallon Agwagin Daji da 'Yan Taɓo Cikin Ruwan Kaka

Ranar da na fara fita kallon tsuntsayen bakin ruwa, safiya mai kyau na zaɓa, sama garau, rana ta fito tar. Na isa bakin teku na tarar ruwa ya janye, taɓo ya shimfiɗu har inda ido ya ƙare, tsuntsayen kuwa suna can ƙarshensa kamar an barbaɗa toka. Awa uku na yi ina murza tabaron hangen nesa, ban iya cewa ga wannan ga wancan ba. Asabar da ta biyo baya na koma cikin yayyafi, ba don ina so ba, sai don na riga na yi wa wani alkawari. Sai ga su a gabana, bai fi taku talatin tsakaninmu ba, har ina ganin ɗigon ruwa yana gangarowa daga tsinin bakin ɗaya. Tun daga ranar na daina tambaya ko za a yi rana. Abin da nake dubawa shi ne sa'ar cikowar ruwa da inda iska ta fito.

Kakar da nake magana a kanta ita ce ta ƙasashen sanyi, daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da ganye ke zuba, yini ke gajarta, sama ta yi ta zubar da ruwa ba sallama. A watannin nan ne tsuntsayen da suka ƙyanƙyashe 'ya'yansu a can ƙuryar arewa, Sibiriya da Girinlan da Aisilan da arewacin Kanada, suke gangarowa kudu kafin ƙanƙara ta rufe musu abinci. Tekun Wadden kaɗai, wanda ya bi gaɓar Holan da Jamus da Denmak, tsuntsu miliyan 10 zuwa 12 ne ke yada zango a cikinsa kowace shekara. Wasu nan za su ci sanyinsu. Wasu cika ciki kawai suke yi su wuce, har Banc d'Arguin a gaɓar Muritaniya, ko fadamun kogin Sanagal da na Neja da tafkin Cadi. Duk wani kududdufi mai taɓo a bakinsa da ke kan wannan hanya, komai ƙanƙantarsa, mashayar matafiya ce.

Iri biyu nake bi. Akwai masu iyo, wato agwagin daji da dinyoyi. Akwai kuma masu taka ruwa da dogayen ƙafafu suna cakar laka da baki, waɗanda nake ce wa 'yan taɓo. Sunayen da za ka gani a nan laƙabi ne da na raɗa musu a littafina, na kuma haɗa da sunan Latin, don shi ne za ka samu a kowane littafin tsuntsaye, ko da wane harshe aka rubuta shi.

Idan inda za ka bakin teku ne, ko bakin kogin da ruwan teku ke shiga, jadawalin cikowar ruwa ya fi maka tabarau amfani. Sau biyu teku ke cikowa tsakanin yini da dare, kuma kullum yana jinkirtawa da kusan minti 50. Wannan jinkirin ne ya kunyata ni ranar farko: a mako guda yakan taru ya kai kusan awa shida, sa'ar da ruwa ya janye wannan Asabar ita ce sa'ar da yake cika Asabar mai zuwa. Ka isa awa biyu ko uku kafin ya cika, ka sami wuri ka zauna. Ruwan ne zai koro maka su, suna ci suna ja da baya, har taɓon ya ƙare su cunkushe a ɗan tudun da ya rage. Ka lura da wata ma. Kwana ɗaya ko biyu bayan watan ya cika, da kuma kwanakin da ya ɓuya sabo na shirin tsayawa, cikowar takan fi girma, ta cinye taɓon kaf, ba su da zaɓi sai su matso. Lokacin da wata yake rabi kuwa, ruwan ba ya kaiwa ko'ina, sai su yi tsayuwarsu can nesa ka yi ta ƙifta ido a banza.

Tafki da madatsar ruwa da gonar da ruwa ya malale ba ruwansu da wata, su ruwan sama ne jadawalinsu. Da yawa daga cikin 'yan taɓo da dare suke tafiya, can sama inda ba mai ganinsu. In suka yi karo da hadari, ga ruwa ga iska a fuska, sai su sauko kan ruwan da ya fara ƙyalle musu a ƙasa. Safiyar da ta biyo bayan daren da aka kwana ana ruwa ita ce safiyarka, kuma ka yi sammako, don da gari ya washe sukan ɗauki hanya. Na taɓa ƙirga guda bakwai a bakin wata madatsa da ƙarfe bakwai, kafin tara sai sawunsu. Amma fa in ruwan ya yi yawa har ya haye bakin tafkin ya taɓa ciyawa, 'yan taɓo ba su da wurin tsayawa, sai su bar wa agwagi wurin. A irin wannan mako ka juya ka bi gonakin da suka jiƙe sharkaf, inda tana ke fitowa sama. Can za ka tarar da mai tukku, Vanellus vanellus, ɗaruruwa, da agwagi suna kiwo a kwarin da ruwa ya kwanta.

Yayyafi ne na fi so. Ba ya hana su ci, ba ya hana ni gani, kuma yana korar masu yawo da karnuka. In ana ruwa kamar da bakin ƙwarya kowa takurewa yake, su ma haka, sai ka fake a mota ko a bukkar kallo idan wurin yana da ita, ka jira ya tsagaita. Rabin awar da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa ba ta da kama: kowa ya karkaɗe jiki, ya gyara gashi, ya hau ci. Hasken da gajimare ya tace ma ya fi na tsakar rana. Ruwa ba ya kashe ido, iska ba ta rawa a cikin madubi, ruwan toka da ruwan ƙasa kowanne ya fito daban, in dai tsuntsun yana kusa. In yana nesa kuwa, labulen ruwa yakan wanke launi gaba ɗaya, sai siffa da motsi suka rage maka.

Ka juya wa iska baya. Fa'ida uku ke cikin wannan. Ruwa ba zai riƙa bugun gilashinka ba. Tsuntsun da ke hutawa iska yake fuskanta don kada ta birkita masa gashi, ka ga ke nan kai zai fuskanta. Agwagi kuma sukan taru a gefen da gaɓa ta tare musu iska, wato gefen da kake. Idan aka yi kwanaki iska mai ƙarfi tana busowa daga yamma ta ratsa tekun Atlantika a watan Satumba ko Oktoba, takan kwaso baƙi daga Amurka ta zube su a gaɓar Ailan da Birtaniya da Faransa, irin su Calidris melanotos mai ƙirji kamar an ja masa layi. Mutane kan yi tafiyar dare don ganin guda ɗaya. Ni dai ban ba sabon shiga shawarar wannan ba. Wanda bai san 'yan gida ba, ko baƙon ya tsaya a kan takalminsa ba zai gane shi ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan harka kai ne ruwan zai doka. Agwagwa tana da ɗan ƙullin mai a gindin wutsiya, tana lakata da baki ta shafe gashinta, ruwa ya riƙa zamewa. Kai sai ka yi shiri. Kada ka sa auduga a jikin fata, in ta jiƙe ba ta bushewa, sanyi kawai take ja maka. Ulu ya fi, riga kan riga, sannan rigar ruwa mai duhun launi wadda ba ta ƙarar leda in ka motsa hannu. Wandon ruwa ma dole ne, don a zaune cinya ce ke fara jiƙewa. Takalmin roba mai dogon wuya, safar hannu biyu, ɗaya a hannu ɗaya a aljihu, da guntun soso na zama. Hula mai baki a gaba tana tare ruwa daga idon tabarau, ta kuma bar kunne a buɗe, abin da hular rigar ruwa ba ta yi. Lema kam bar ta a gida: iska za ta karya ta, in ba ta karya ba tsuntsaye za su gan ta tun daga nesa.

A jikin tabaron hangen nesa za ka ga lamba biyu, misali 8x42. Ta farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Raba ta biyu da ta farko, ka sami faɗin hasken da ke shiga idonka. Na 8x42 ya ba da milimita 5.25, ɗan ƙaramin nan na aljihu 10x25 ya ba da 2.5 kacal. A ranar da sama ta murtuke, bambancin ya zarce ninki huɗu na haske. Ka tabbatar wanda ba ya shan ruwa ne. Na farkon da na saya ba haka yake ba, ya yi gumi daga ciki, na kwana uku ina kallon duniya kamar ta cikin hazo, daga baya har fumfuna ta tsiro a gilashin. Kada ka cusa shi cikin riga don kare shi, gilashi mai sanyi in ya haɗu da ɗumin jiki gumi yake yi nan take. Murfin idon da ke rataye a igiyarsa ya isa. Dogon madubi mai ƙafa uku, wanda ke kusantowa sau 20 zuwa 60, yana da daɗi a fili mai faɗi, sai dai in ana iska ka rage tsawon ƙafafun ka zauna, kuma kada ka wuce 30, don duk abin da ka ƙara duhu da rawa ka ƙara. Rubutu kuwa da fensir ake yi. Biro ya taɓa mayar min da ƙidayar yini guda shuɗin tabo.

Agwagi sun fi sauƙi, da su ya kamata a fara, amma akwai tarko a farkon kaka. Shekarata ta farko na rubuta a littafi cewa tafkin duk mata ne. Ashe bayan sun gama haihuwa mazan kan zubar da adonsu su sa irin gashin mata, har sukan yi makonni ba sa iya tashi saboda gashin fiffike ya zube gaba ɗaya. Sai wajen Oktoba zuwa Nuwamba adon ke dawowa. Kafin nan, baki za ka duba da madubin fiffike, wato ɗan facin nan mai sheƙi a bayan fiffiken. Namijin mai koren kai, Anas platyrhynchos, ko ya tuɓe koren, bakinsa rawaya yake, madubinsa kuma shuɗi ne da farin layi sama da ƙasa.

Tun kafin launi, ka raba su gida biyu. Wasu kifa kai suke yi a ruwa, gindi a sama, ƙafa tana harbin iska, in suka firgita kuma tsaye suke tashi kamar an harba su. Wasu nutso suke yi su ɓace gaba ɗaya, jikinsu ya fi nutsewa a ruwa, ƙafafunsu suna can baya, kafin su tashi sai sun yi gudu a kan ruwa suna fantsama shi. Wannan ko a cikin hazo za ka gani. Cikin masu kifa kai, 'yar ƙarama, Anas crecca, ita ce mafi ƙanƙanta, madubinta kore, garkenta na juyi a sama kamar ba agwagi ba. Mai bakin shebur, Spatula clypeata, gabanta a nutse yake saboda nauyin baki, tana tace ruwa da wasu 'yan haƙora kamar na mataji, wani lokaci su yi da'ira suna bin juna don su tayar da abin da ke ƙasa. Mai tsinin wutsiya, Anas acuta, dogon wuya gare ta da ƙira siririya. Mai fito, Mareca penelope, kuwa fitowa take tudu ta yi kiwon ciyawa, kuma kafin ka gan ta za ka ji namijin yana fito, wii-uu, ya ratsa ruwan sama ya iso kunnenka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a ranar da ido ya gaza wannan magana takan zama kayan aiki. Cikin masu nutso, biyu za ka fi gani: Aythya fuligula, namijin baƙi da farin gefe da ɗan tukku a ƙeya da ido rawaya, sai Aythya ferina mai jan kai da goshi a zame.

Dinyoyi sai da asuba ko magariba. A kan ruwa ko tsakiyar taɓo suke kwana don gudun yanyawa, da gari ya waye su tashi jere jere zuwa gonaki, da yamma su dawo. Tsaya tsakanin makwanci da makiyaya, hayaniyarsu za ta gaya maka suna zuwa. In ka sami garken ƙaramar baƙar dinya, Branta bernicla, duba bayansu: 'ya'yan bana suna da fararen layuka a fiffike, kuma suna manne da iyayensu. Yawansu labari ne daga Sibiriya. Shekarar da ɓerayen ƙasar ƙanƙara suka yi ƙaranci, yanyawar can da ke cinsu takan koma cin ƙwan dinyoyi, sai garke ya iso kusan babu yara. A Slimbridge ta Ingila, inda Peter Scott ya kafa cibiyar tsuntsayen ruwa a 1946, tun 1964 ake zana bakin wasu manyan fararen tsuntsaye masu dogon wuya, Cygnus columbianus bewickii, don an lura tsarin baƙi da rawaya a bakin kowanne daban yake, ana gane su ɗaya bayan ɗaya duk shekara in sun dawo.

'Yan taɓo su ne ke sa mutum ya rufe littafi ya ce ba zai iya ba. A kaka duk sun tuɓe adon bazara, sun koma ruwan toka a sama, fari a ƙasa. Kada ka dogara da launin ƙafa, laka takan mayar da jar ƙafa baƙa. Tambaya uku nake yi wa kowanne: girmansa in an gwada da na kusa da shi, tsawon bakinsa in an gwada da kansa, da yadda yake cin abinci.

Ma'aunina shi ne Calidris alpina, wanda nake kira ɗan ɗinki. Ɗan ƙarami ne, bai cika tafin hannu ba, baki baƙi da ya ɗan sunkuya a ƙarshe, yana tafe a duƙe yana cakar taɓo da sauri kamar allurar keken ɗinki. Shi ya fi yawa a yawancin gaɓoɓi. Ka ba shi awa guda cur, kana kallonsa shi kaɗai, ta gaba da ta baya, yana barci da yana tashi. Bayan haka duk wanda ba shi ba zai yi maka tsalle a ido. Wanda ya fi shi kauri, gajeren baki miƙaƙƙe, yana tafe a hankali kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwansa, Calidris canutus ne. Waɗanda suka fito Girinlan da Kanada a yammacin Turai suke cin sanyi, na Sibiriya kuma daga Wadden sukan miƙe zuwa gaɓar Muritaniya, tafiyar sama da kilomita 4,000. Wanda ya fi kowa fari, yana bin igiyar ruwa a guje in ta koma, ya gudu in ta dawo, Calidris alba ne, ba shi da yatsan baya shi ya sa gudunsa kamar na abin wasan yara da ake murɗa wa makulli. Mai birkita duwatsu, Arenaria interpres, sunansa aikinsa.

Yadda suke ci ya kasu biyu, kuma wannan ya fi komai amfani a ranar ruwa. Masu gajeren baki da manyan idanu da ido suke farauta: gudu, tsayawa cak, sunkuyawa, sannan wani gudun. In irin wannan ya tashi ka ga baƙar hamata ƙarƙashin fiffike, Pluvialis squatarola ne, ba wani. Masu dogon baki kuwa da taɓawa suke nema, don a tsinin bakin akwai jijiyoyi masu jin motsin abin da ke cikin laka, sai ka ga kai a ƙasa ba ɗagowa. Tsawon bakin shi ya raba musu abinci, kowa da zurfin da yake kaiwa, shi ya sa iri goma kan ci a fili ɗaya ba faɗa. Mai lauje, Numenius arquata, shi ne babbansu, baki a lanƙwashe ƙasa, na macen ya kai santimita 15. Ƙanensa, Numenius phaeopus, ya fi shi ƙanƙanta, da layuka a ka, kukansa fito ne jere da sauri kusan sau bakwai. Akwai wani ɗan'uwansu mai siririn baki da ba za ka gani ba: ganin ƙarshe da aka tabbatar a Maroko ne a 1995, kuma a 2024 masana suka yanke cewa ya ƙare a duniya.

Masu dogon baki miƙaƙƙe iri biyu ne da ke rikita mutane a tsaye, amma da sun buɗe fiffike magana ta ƙare. Limosa limosa yana da faffaɗan farin layi a fiffike, baƙar wutsiya, ƙafafu suna jan baya. Limosa lapponica ba shi da layin, wutsiyarsa zane zane ce. Haka mai jan ƙafa, Tringa totanus, farin gefen bayan fiffikensa ne shaidarsa. Shi ne ɗan sandan fadama, shi ke fara ganinka ya tona maka asiri da ihu. Idan kuma wani ya fashe daga ciyawa kusa da ƙafarka da ƙara kamar an yaga ƙyalle, ya yi sama yana karkacewa hagu da dama, Gallinago gallinago ne. Ka duba gashin baya in sun matso. Manyan kan riga 'ya'yansu tasowa da makonni, gashinsu ya sha tafiya ya yi kaca kaca, na 'ya'yan bana kuwa sabo fil, kowane gashi da farin gefe kamar an yi masa dajiya.

Laifina mafi girma a wannan harka a watan Oktoba na yi shi. Ruwa ya cika, tsuntsu ya kai dubu biyu a ɗan tsibirin tsakuwa, kowa ya cusa baki a baya yana barci da ƙafa ɗaya. Na ga kamar in na hau kan ganuwar da ta tare teku zan fi samun hoto. Ina miƙewa sama ta fito da ni baƙi ƙirin, mai jan ƙafa ya yi ihu, gaba ɗaya suka tashi. Ba wurin sauka, ko'ina ruwa, suka yi ta kewaya cikin ruwan sama har na rasa su. Wani dattijo da ke zaune a gindin ganuwar bai ɗaga murya ba, ya ce, "Samari, abincin yini guda ka zubar musu." Na ce, "Baba, ai za su dawo." Ya ce ba yau ba, ya naɗe kayansa ya tafi. Ba su dawo ba kuwa.

Kitse ne man tafiyarsu, kuma awannin da ruwa ya janye kaɗai suke da su na tara shi. Irin Limosa lapponica da ke tashi daga Alaska, kusan rabin nauyin jikinsa kitse ne ranar tafiya, har kayan cikinsa kan tsuke don rage kaya. A Oktoban 2022 wani ɗan wata biyar da aka maƙala wa na'ura ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Tun daga ranar dattijon nan, kaina ba ya wuce saman ganuwa. Ina tafiya ta bayanta, in zauna kafin su iso, ba na nuni da hannu. In na ga sun daina ci sun ɗaga kawuna, na san na matsa da yawa, sai in ja baya. In kuwa suka tashi ba kai ka tayar da su ba, ɗaga ido sama da garken, yawanci shaho ne ya zo.

Ka ƙirga abin da ka gani. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: ƙirga goma ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe girman wannan gungun a ido, ka yi ta aza shi a kan garken, in garken babba ne ka koma hamsin hamsin ko ɗari ɗari. Yawancinmu ragewa muke yi, ba ƙarawa ba. Ni da tsakuwa na koya, in watsa a ƙasa, in yi ƙiyasi, sannan in ƙirga in ga kuskurena. Rubuta rana da sa'a da iska da yanayin ruwa. Irin wannan ƙidaya ta masu sa kai ce ake tarawa duk watan Janairu tun 1967 a ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, kuma da ita ake sanin dausayin da ya cancanci shiga ƙarƙashin yarjejeniyar kare dausayi da aka sa wa hannu a Ramsar ta Iran a 1971. Kana iya zuba taka a eBird, shafin intanet da ake tara bayanan tsuntsayen da mutane suka gani. In ka ga zobba masu launi a ƙafa, rubuta su a tsanake: ƙafar hagu ko dama, sama ko ƙasa da gaɓar da ke kama da gwiwa, wane launi ke kan wane. Masu sa zoben sukan aiko maka da tarihin duk inda aka taɓa ganin tsuntsun.

Kada ka shiga taɓon teku. Ruwa ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba, yakan bi kwararo ya zagayo ta bayanka, kuma a shimfiɗaɗɗen wuri yana iya fin mai tafiya sauri. A Fabrairun 2004 aƙalla mutum 21, 'yan ƙasar Sin masu tsintar ƙumba, suka halaka haka a Morecambe Bay ta Ingila. In ka ji tsawa, kwantar da ƙarfen madubi ka bar fili. Tsuntsun da ka tarar matacce ko yana layi kada ka taɓa, murar tsuntsaye ta kashe dubban dinyoyin da suka zo daga tsibiran Svalbard na Norwe a gaɓar Solway ta Birtaniya a sanyin 2021 zuwa 2022, sai ka sanar da masu kula da wurin. Kuma in yatsunka suka kasa riƙe fensir, lokacin tafiya ya yi.

In kana iya daurewa, ka ƙara awa guda bayan ruwa ya cika. Da bakin taɓo ya fara leƙowa, ƙananan ne ke fara sauka, a guje, yunwa ta ci su, manyan su biyo baya a tsanake. A gida ka fitar da tabarau daga jakarsa, ka cire murfi, ka bar shi ya sha iska nesa da wuta. In ruwan gishiri ya fantsamar masa, goge jikin da ƙyalle mai ɗan damshin ruwan daɗi, gilashin kuma ka hure yashi tukuna kafin ka taɓa shi. Buɗe littafin ka bar shafukan su bushe, sannan ka duba jadawali: babbar cikowa ta gaba tana nan da kwana goma sha huɗu ko sha biyar, kusan a sa'a ɗaya da ta yau.